Bariyoyi Uku da Na Tsamo Daga Kwandon Shara

Na yi kurakurai a rayuwa kamar kowa. Wasu kafin kwana biyu na manta da su, wasu sai an tuna mini nake cewa au, ashe haka aka yi. Amma akwai guda ɗaya da ko tsufa ya cinye mini tunani ba na jin zai bar kaina. Shi ne ranar da aka tsayar da lodin mai a wani depo na Apapa saboda gyaran da na yi da hannuna, gyaran da ba wanda ya sa ni, wanda kuma na kwashe kwana ashirin ina yaba wa kaina a kansa.

A Agege aka haife ni, a nan na tashi, a nan na koyi gyaran rediyo da talabijin da caja da duk wani abu mai cin wuta. Shekara goma sha ɗaya na yi a wani ɗan shago kusa da layin dogo. Mu masu gyara muna da wata ɗabi'a da sai wanda ya zauna da mu zai gane, ba ma yarda abu ya mutu. A kawo mini kaya a ce kamfanin da ya ƙera shi ma ya ce ba ya gyaruwa, to ranar ba zan ci abinci ba sai na ga bayansa. Fiyus ya ƙone? Zare silin tagulla ɗaya ka ɗaura, aiki ya ci gaba. An rufe abu ba a sa masa ƙusa ba? To ai reza tana nan. 'Yan unguwa har tsokanata suke yi, wai shagona ne asibitin ƙarshe, in an fita da kaya daga wurina sai bola. Ni kuwa, gaskiya, daɗin maganar nake ji.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shi ya samo mini aiki a depo. Ya daɗe a can, a wurin lodi yake. Shi ne mai hawa saman motar tanka ya buɗe murfi, ya sa bakin bututu, ya tsaya har ta cika. Mutum ne marar yawan magana, kuma ya sa bakinsa sosai kafin a ɗauke ni, don takardata ta makaranta ba ta kai ta kawo ba. Aka sa ni a sashen na'urori, ƙarƙashin wani injiniya ɗan kudancin Kaduna. Dattijo ne mai gilashi, Hausa a bakinsa kamar ruwa, kuma komai ya taɓa sai ya rubuta a wani ɗan littafi da ke aljihun rigarsa. Aikina ja masa waya, share fanel, riƙe mita, da kwashe shara in an gama. Ni da nake oga a shagona, ga ni ina riƙe wa wani tsani. Na haɗiye dai, don albashin wata ya fi jiran mai rediyo.

Ɗakin da aka fi sa ni aiki shi ne ɗakin sarrafawa, inda ake zama gaban allo ana ganin yawan man da ke kowane tanki da abin da ake lodawa. A bayan allunan akwai manyan akwatunan ƙarfe, su ake ce wa fanel. In ka buɗe ɗaya za ka ga wasu 'yan ƙananan abubuwa sirara an jera su reras, kamar littattafai a kan kanta, kowanne da 'yar koriyar fitila. Bariya ake ce musu. Abin da ya fara ɗaukar hankalina shi ne wayoyinsu. Ta gefe ɗaya wayoyi ne irin na ko'ina, ta ɗaya gefen kuwa duk shuɗaye ne, kuma su ne ke bi ta ƙarƙashin ƙasa su tafi tankuna da wurin lodi. Ba a taɓa ɗaure shuɗiya da wadda ba shuɗiya ba, ko hanyarsu ba ɗaya ba ce. Ranar farko na tattara su wuri ɗaya zan ɗaure don aiki ya yi kyau, Injiniya ya buge mini hannu ya ce kada in sake. Bai ce don me ba, ni kuma girman kai ya hana ni tambaya. Amma abin ya tsaya mini a rai. Kullum in na buɗe fanel sai in tsaya ina kallon 'yan abubuwan nan ina cewa, ku kuwa mene ne a cikinku?

Da damina ta kankama, wata rana da hantsi aka yi ruwa da tsawa mai ƙarfi. Bayan an ɗauke, fitilun bariya uku suka mutu. Injiniya ya zare su ɗaya bayan ɗaya, ya aike ni sito na karɓo sababbi, ya sa, ya rubuta a littafinsa. Sai kawai na ga ya ɗauki tsofaffin ukun ya watsa a kwandon shara. Ko juya su bai yi ba, balle ya buɗe ya ga me ya same su. Wallahi sai da zuciyata ta yi zafi. Na riga na ji ana cewa daga waje ake kawo su, kuma in an nema sai a yi watanni ba su iso ba. Na ce a raina, wannan ai almubazzaranci ne da digiri. Da na fita da sharar da yamma, na tsame su na goge na sa a jakata. Haka na riƙe jakar a cinya cikin danfo, bas ɗin haya, har Agege.

Ranar Lahadi bayan azahar na buɗe tsohon shagona, na share teburi, na zauna da su. Ba ƙusa ko ɗaya a jikinsu, an liƙe su ruf. Wannan kaɗai ya ƙara tunzura ni, don a wurina duk kamfanin da ya liƙe kayansa cewa yake yi ba ka isa ba. Na ɗumama reza na bi gefen a hankali, har ta farko ta buɗe.

Kai, na ga aiki. Ban taɓa ganin allon na'ura mai tsabta irin wannan ba, an shafe shi da wani abu mai sheƙi, kowane ɗigon dalma kamar da ma'auni aka sa shi. Amma abin da ya ɗaure mini kai daban ne. Allon kashi biyu ne, kuma a tsakaninsu akwai wani fili, faɗinsa bai fi farcen ɗan yatsa ba, wanda ba layin tagulla ko ɗaya da ya ratsa shi. Abu biyu kawai suka haye filin. Ɗaya ɗan ƙaramin tiransifoma, ɗayan kuma wani ɗan baƙin abu mai ƙafafu ta gefe biyu. Wannan na san irinsa a cikin caja, 'yar fitila ce a ciki ta gefe ɗaya, ta ɗaya gefen kuma ido mai ganin haskenta. Na juya allon sama da ƙasa, na ɗaga shi a rana, na kasa gane dalilin da zai sa mai hankali ya bar wannan fili haka. Daga ƙarshe na yanke hukunci irin na wanda bai sani ba, na ce salo ne kawai na Turawa don a ji tsoron taɓa kayansu.

Na sa mita na bi layi, na gano fiyus. Ɗan mitsitsi ne, an binne shi cikin wani gam mai tauri, wato dai kada wani ya canja shi. Na tono shi da tsinken allura, na ɗaura silin tagulla, na ba ta wuta. Koriyar fitila ta kama. Na yi wa ta biyu haka, ita ma ta tashi. Ta ukun ce ta ba ni wahala, don ban da fiyus, ɗan baƙin abin nan mai fitila shi ma ya ƙone, saƙo ba ya hayewa daga wannan gefe zuwa wancan. Na nemi irinsa a tarkacena ban samu daidai ba. Har la'asar ina fama. Can dabara ta zo mini, na ce tunda saƙo ne ke son hayewa, me zai hana in gina masa gada? Na ciro wani ɗan abu daga tsohuwar rediyo, na haɗa da 'yar waya siririya, na haye filin nan da ita, na liƙe da dalma. Na taɓa bakin wayoyin, na ji ƙyat, ta amsa. Na sake taɓawa, ta sake amsawa. Ni kaɗai a shago na yi dariya har da buga teburi.

Na mayar da murafensu, na liƙe da gam, na goge da 'yar takarda mai kaushi har sai da wurin ya ɓace. In ka ajiye su kusa da sababbi, ko wanda ya ƙera su sai ya yi da gaske. Ranar Litinin na shiga sito, mai kula da wurin wani dattijo ne Bayarabe da muke ce wa Baba, muka gaisa da Yarabanci, ya juya yana neman wani abu, na zura su cikin kwalin sababbi. Ba sata na yi ba, ƙari ma na yi, haka na gaya wa kaina. Shirina shi ne in bari a ɗauke su a sa, su yi wata guda suna aiki, sannan in je gaban Injiniya in ce, Oga, ka san bariyoyin nan da ka zubar? Har yadda zan tsaya da yadda zai buɗe baki duk na tsara a kaina. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, amma mai shi ba ya jin nauyinsa a wuya.

Kwana ashirin suka wuce. Ranar wata Asabar muna zaune a ɗakin gyara, can nesa da tankuna, muna cin abincin rana. Injiniya yana cikin raha, sai na ga dama ta samu in ɗan share fagen abin mamakin da nake shirya masa. Na ce, "Oga, wai me ya sa ba a gyara bariya in ta mutu? Na ga kamar ba wani abu ne mai wuya a ciki ba."

Na zaci zai share ni. Sai na ga ya ajiye cokali, fuskarsa ta washe, ya ce tun da na zo yake jira in yi tambaya irin wannan. Ya ce in ɗauko masa batirin mota da ke ƙarƙashin teburi da bariya guda da yake gwaji da ita. Ya ja labule ɗakin ya ɗan yi duhu. Ya ɗauki waya biyu daga batirin ya goga su, wuta ta yi tartsatsi. Ya ce wannan na sani. Sannan ya ba bariyar wuta, ya kama shuɗayen wayoyinta biyu ya goga su a gaban idona. Na matso har hancina ya kusa taɓawa. Ban ga komai ba. Ya sake gogawa, ya raba, ya haɗa, babu ko ƙyalli.

Ya ce ba man da ke cikin tanki ne abin tsoro ba, tururin da ke samansa ne, wanda ya gauraya da iska. Shi ba ya bukatar ashana, ɗan tartsatsin da ido ma da ƙyar zai gani ya ishe shi. Amma dole a kai waya cikin wannan tururin, don na'urorin da ke auna mai a can suke zaune. To tunda ba yadda za a yi a hana waya tsinkewa ko gogar juna wata rana, sai masu ilimin suka ce bari a rage wa wutar ƙarfi tun daga nan, a mayar da ita mai rauni ƙwarai, yadda ko ta yi tartsatsi ba zai iya kunna komai ba. Aikin bariya ke nan. Shuɗin waya kuma alama ce ga kowa cewa wannan layin mai rauni ne, kada a kusanto da mai ƙarfi inda yake.

Ni fa daɗi nake ji, don abin da ya daɗe yana cina ne ake warware mini. Har na manta da abin da na aikata. Na ce to shi wannan fili da ake bari a tsakiyar allon fa? Ya dube ni ta saman gilashi, ya ce a ina na ga cikin bariya? Na ce a hoto. Ya gyaɗa kai ya ci gaba.

"Wannan filin shi ne bariyar gaba ɗaya," in ji shi. "Sauran duk 'yan rakiya ne. Tsakanin ɗakin sarrafawa da tanki ba a yarda ƙarfe ya taɓa ƙarfe ba. Saƙo ya haye da haske, 'yar wutar da ake bukata ta haye ta tiransifoma, shi ke nan. In janareta ya haukace, ko tsawa ta faɗo, ko wani ya yi kuskure ya sa babbar wuta a layin, sai ta zo bakin filin nan ta tsaya. Fiyus ya ƙone, bariya ta mutu, mutanen da ke waje su koma gida. In ka ga ta mutu, to ta yi aikinta ne. Shi ya sa ba a tashinta."

Ban san lokacin da na ajiye cokalina ba. Fiyus ɗin da aka binne don ya ƙone, na maye shi da tagullar da ba za ta ƙone da wuri ba. Filin da aka bari don ya tsare wuta, ni na gina masa gada da hannuna, har ina buga teburi. Injiniya yana ta bayani a kan tsawon waya da wasu lissafe-lissafe, ni kuwa ba abin da nake ji. Na ce masa cikina ya murɗa, na fita.

Sito na nufa, kusan da gudu. Tunanina a lokacin, ba zan ɓoye ba, shi ne in kwashe su a ɓoye in jefa a kwata, magana ta mutu ba wanda ya ji. Na ce wa Baba an aiko ni duba wata lamba. Na zazzage kwalin, na bi su ɗaya-ɗaya ina kankara gefensu da farce, don na san gam ɗina ya fi na kamfani taushi. Na samu ɗaya. Na samu ta biyu. Na sake bin sauran tun daga farko, har sau uku, babu ta ukun. Na duba biyun da ke hannuna da kyau, na gane su, masu fiyus kaɗai ne. Mai gadar ce ba ta nan. Na tambayi Baba ko an ɗauki bariya kwanan nan. Ya ce ƙwarai, satin da ya wuce Injiniya ya ɗebi shida ya sa a sababbin layukan wurin lodi, ranar da aka aike ni Oyingbo sayen kaya.

Na fito na tsaya a bakin sito da bariya biyu a aljihu. Daga nan ana hango wurin lodi. Tankoki huɗu a jere, mutane a samansu, ga wasu sun yi layi har bakin ƙofa. Ta wajen teku kuma hadari ya fara haɗuwa. Na san in na yi magana aikina ya tafi, kuma ba aikina kaɗai ba, har da mutuncin kawuna da ya tsaya mini. Shaiɗan ya ce mini, kwana tara tana aiki lafiya, bari sai Litinin ka san dabarar da za ka zare ta. Na ɗan saurare shi, ba zan yi ƙarya ba. Amma ban ma san a wane layi take cikin shidan ba, kuma ba ni da ikon taɓa ko ɗaya ana lodi. Na sake duban hadarin, na tuna irin wannan ne ya kashe su tun farko. Ƙafafuna suka kai ni ɗakin gyara, ban san yadda aka yi ba.

Na ajiye biyun a gabansa na faɗi komai a tsaye, ban rage ba. Ban taɓa jin Hausa ta yi mini nauyi a baki irin ranar ba. Bai yi tsawa ba. Ya cire gilashinsa ya ajiye.

"Guda nawa?"

"Uku, Oga."

"Ta ukun fa?"

"Tana cikin fanel. Ita ce na haye wa filin da waya."

Ya ɗauki rediyon hannu ya ce a tsayar da lodi duka, yanzu, kowa ya sauko daga saman mota. Aka tambaye shi dalili ta rediyon, ya ce zai yi bayani daga baya. Sannan ya dube ni ya ce in ɗauko mita in biyo shi.

Hanyar ɗakin sarrafawa ta gaban direbobi take bi. Mutanen nan wasu sun kwana huɗu a layi, wasu biyar, daga Kano, daga Gusau, daga Yola, ga shi an zo kansu an ce a tsaya. Wurin ya kaure. Da Hausa suke zagin duk wanda ya jawo wannan, irin zagin da ba ya rubutuwa, ni kuma ina ratsa su da mita a hannu ina jin kowace kalma. Wani ma da ya san ni a Agege ya riƙo hannuna ya ce, don Allah ɗan'uwa in ka gano ɗan banzan da ya ɓata abin nan ka nuna mana shi. Na ce to.

Injiniya ya buɗe littafinsa, ya ga layuka shidan da ya sa wa sababbi. Ya kashe wutarsu, muka fara zarewa. Kowacce ya zare sai ya sa mita, baki ɗaya a gefen shuɗi, ɗaya a wancan gefen. Mai lafiya ba ta nuna komai, don ba abin da ya haɗa gefen biyu. Ta farko shiru. Ta biyu shiru. Ta uku shiru. Da ya sa wa ta huɗu, mita ta motsa. Ya duba lambar layin, ya duba littafi. Na ce, Oga, ina take zuwa? Ya ce layin na'urar da ake zurawa cikin bakin tanka ne, mai sanarwa in mai ya kusa cika, a wurin lodi na biyu. Ban bukaci a gaya mini wanda ke aiki a na biyu ba. Kwana tara kawuna yana kama wannan na'urar da hannunsa yana zura ta cikin tururin fetur, ba abin da ke tsakaninsa da babbar wutar ɗakin nan sai sa'a.

Ya sa sabuwa daga wani kwali da ba a taɓa buɗewa ba, ya gwada sauran biyun duk da haka, sannan ya ce a ci gaba da lodi. Ruwan ya sauko bayan kamar rabin awa, da tsawarsa. Ba abin da ya faru. Ko da wani abu zai faru in da tawa tana ciki, ban sani ba, kuma ba na son in sani.

Abin da ya ba ni mamaki, da muka koma ɗakin gyara, sai ya ce in buɗe masa ita ya gani. Shi ma ashe son sani ne da shi. Na buɗe da reza. Ya sa gilashi, ya kai ta bakin taga, ya daɗe yana juya ta. Ya tambaye ni yadda na gano inda saƙon ke bi ba tare da zane ba, na gaya masa. Ya ce shekararsa talatin a aikin nan bai ga liƙin dalma mai tsabtar wannan ba. Har na fara jin sanyi-sanyi a raina, sai ya ƙarasa.

"Abin da ya sa ta fi haɗari ke nan. Da kai mugun mai gyara ne, da ba ta tashi ba, da na sake jefar da ita. Iyawarka ce ta kai ta wurin lodi."

Ya miƙo mini guduma ya ce in farfasa ukun a gabansa. Na farfasa. Kafin in share, na tsinci 'yar wayar nan na sa a aljihu, ban san dalili ba. An zauna a kaina ranar Litinin, aka dakatar da ni wata guda. Da kora ce, Injiniya ne ya tsaya, ya ce ni na kawo maganar da bakina alhali ina iya yin shiru, ya kuma ce shi ma da laifinsa, tunda ya jefar da su ba tare da ya fasa ba, kuma bai taɓa zaunar da ni ya gaya mini amfaninsu ba. Wannan ta ƙarshen ba gaskiya ba ce gaba ɗaya. Ni ne ban tambaya ba.

Amma duk wannan bai dame ni kamar haɗuwa da kawu ba. A ranar Asabar ɗin, kafin a tashi, labari ya riga ya kai masa. Danfo ɗaya muka shiga, daga Apapa har Agege bai ce mini uffan ba, ga cunkoso, ga ruwa. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Da muka sauka muka kama hanyar gida, sai ya tsaya a gindin wata rumfa ya ce in nuna masa abin, in yana wurina. Na ciro 'yar wayar na sa masa a tafin hannu. Tsawonta bai kai rabin ashana ba. Ya ɗaga ta kusa da ido yana dubawa.

"Wannan ce?"

"Ita ce, Kawu."

Ya jinjina kai. Ya ce shi duk shekarun nan wuta yake tsoro daga sigari, daga wayar hannu, daga ƙarfen takalmi, bai taɓa kawo wa ransa cewa daga ɗakin sarrafawa mai sanyin nan za ta iya zuwa ba. Ya mayar mini da ita, ya rufe hannuna a kanta da nasa.

"Kada ka gaya wa Yaya," ya ce, yana nufin mahaifiyata. "Hawan jini gare ta."

A nan ne na yi kuka, a bakin titi, da girmana.

Na koma aiki bayan wata guda, kuma har yau a wannan fannin nake, yanzu ma ni ke koya wa wasu. Son sanin abin da ke cikin abu bai bar ni ba, ba na kuma fatan ya bar ni, don shi ya ciyar da ni. Abin da na koya shi ne hannu yana riga kai saurin koyo, kuma nan haɗarin yake. Na iya tayar da abu tun ban san dalilin da ya sa aka yi shi ba. Yanzu duk abin da aka kawo mini a mace, kafin in ɗauki reza sai na tambayi mene ne aikinsa, me ya kashe shi, kuma wa yake tsaye a ɗaya ƙarshen wayar. Tambayar da na yi a rana ta ashirin, da na yi ta a rana ta farko, minti biyar za ta ci.